Yadda Ake Amfani da "By and Large" a Rubutun Turanci

A kowace shekara, idan 'yan aji shida suka gama jarrabawar gwaji, nakan kwashi takardunsu na insha'in Turanci in zauna a gindin dogon-yaron da ke bayan ofishin malamai, a makarantar sakandaren da nake koyarwa a ƙasar Gwandu, in shiga dubawa da jan biro. Na daɗe ina wannan aiki, har ta kai tun kafin in juya zuwa shafin ƙarshe nakan iya cankar kalmomi ukun da za su buɗe sakin layi na ƙarshe, wato "by and large". Yaron da ya rubuta wa kawunsa wasiƙa yana neman kuɗin rajista da su yake rufewa, yarinyar da ta rubuta muhawara a kan makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo da su take rufewa, haka ma wanda aka ce ya ba da labarin ranar da ba zai taɓa mantawa da ita ba. Da alama yara sun gaji wannan ɗabi'a ne daga yayyensu, bisa zaton cewa furucin ado ne da ake liƙa wa ƙarshen rubutu don mai dubawa ya san marubucin ya ji Turanci. Alhali kuwa furucin ma'auni ne, yana faɗa wa mai karatu gwargwadon ƙarfin maganar da za a yi, kuma wanda ya sa shi inda bai dace ba ya faɗi abin da bai yi niyyar faɗa ba.

Ma'anarsa a Hausa ita ce galibi, ko akasari, ko a mafi yawan lokuta. Idan Bature ya ce "By and large, August is the wettest month in Birnin Kebbi", abin da yake nufi shi ne idan aka dubi shekaru masu yawa, watan Agusta ne ya fi sauran samun ruwan sama a Birnin Kebbi, ko da yake za a iya samun shekarar da wani watan ya zarce shi. Akwai abubuwa biyu a cikin wannan magana, kuma dole ne su zo tare. Na farko shi ne hukunci a kan mafi rinjaye. Na biyu, wanda ɗalibai suka fi mantawa da shi, shi ne amincewa da cewa akwai 'yan kaɗan da hukuncin bai hau kansu ba, kuma mai maganar ya san da zamansu, ya dai ga ba su kai su rusa hukuncin ba. Duk jimlar da ba ta da wurin wannan togiya, to ba jimlar "by and large" ba ce.

A nan ne fassara takan yi wa mutanenmu ƙafar ungulu. Sau da yawa idan na tambayi aji ma'anar furucin, amsar da ke fara fitowa ita ce "gaba ɗaya". To amma idan Bahaushe ya ce ruwa ya cinye gonar gaba ɗaya, ai ko kunya ɗaya ba ta tsira ba ke nan. "Gaba ɗaya" tana rufe ƙofar togiya, shi kuwa furucin Turancin barin ta yake yi a buɗe, saboda haka ma'anonin biyu sun kusa zama kishiyoyin juna. Wanda ya riƙe "gaba ɗaya" a ransa zai riƙa sa "by and large" duk inda yake son ƙarfafa magana, ba tare da sanin cewa sassauta ta yake yi ba. Na taɓa karanta takardar wani ɗalibi da yake son ya nuna tsananin gaskiyar mahaifinsa, ya rubuta "By and large, my father is an honest man". Ga mai jin Turanci, yaron ya ce mahaifin nasa galibi mai gaskiya ne, amma fa wani lokaci yakan ɗan taɓa. Na san dattijon, kuma na san da ya ji fassarar da ranar ba ta yi wa yaron daɗi ba.

Wanda ya yi karatun zaure bai kamata wannan tunani ya zama baƙo a wurinsa ba. Malaman fiƙihu suna da ƙa'idar da ke cewa hukunci yana bin galibi, nadiri kuwa, wato abin da ba kasafai yake faruwa ba, ba a gina hukunci a kansa. Malami idan ya kawo wannan ƙa'ida ba musun samuwar nadirin yake yi ba, ajiye shi yake yi gefe guda don a samu a yanke magana. Wannan shi ne ainihin aikin "by and large". Na lura ɗaliban da suka biyo ta makarantar allo da karatun littattafai sukan kama ma'anar nan take idan na bi da su ta wannan hanya, fiye da idan na tsaya karanta musu bayanin ƙamus.

Asalin furucin

Sanin inda furucin ya fito yana taimakawa wajen riƙe ma'anarsa, domin idan aka ɗauki kalmomin ɗaya bayan ɗaya ba za su ba da komai ba: "by" ƙaramar kalma ce mai nuna kusa ko hanya, "large" kuma babba. Maganar matuƙan jiragen ruwan Ingila ce, a zamanin da babu inji, lokacin da ake ɗaura manyan yadudduka a dogayen itatuwa a tsakiyar jirgi, iska ta bugi yadin ta tura jirgin. A bakin waɗannan matuƙa, idan an ce jirgi yana tafiya "by the wind", ana nufin ya kusa fuskantar inda iskar take fitowa, wanda shi ne tuƙi mai wuya. Idan kuwa an ce yana tafiya "large", ana nufin iskar tana zuwa ta baya ko ta gefen baya, tana kora shi cikin sauƙi. Jirgin da aka yabe shi da cewa yana tafiya "by and large" shi ne wanda ba ya ba da kunya ko iska ta zo masa ta baya ko ta tare shi ta gaba. An samu furucin a rubuce da wannan ma'ana tun a 1669, a littafin koyar da aikin jirgin ruwa na wani matuƙi mai suna Samuel Sturmy, daga baya ne ya fita daga teku ya shiga bakin kowa da ma'anar "idan aka duba ta kowace fuska".

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa a Yawuri ya ga yadda Sarkawa ke sarrafa kwale-kwale ya san bambancin bin ruwa da hawan ruwa. Ba a yabon matuƙi don ya iya gangarawa tare da igiyar ruwa, wannan ko kara aka jefa zai yi. Sai an gan shi yana haurawa sannan a ce gwani ne. Amfanin wannan tarihi ga mai rubutu shi ne furucin yana ɗauke da da'awar cewa an duba sauƙi an duba wuya kafin a yi magana. Idan ka rubuta shi, ka yi wa mai karatu alkawari ke nan cewa ka ƙirga har da abin da bai goyi bayanka ba.

Abin da za ka tambayi kanka kafin ka rubuta shi

Hanyar da nake koya wa ɗalibaina mai sauƙi ce. Kafin ka ɗora biro, ka mayar da jimlar Hausa a zuciyarka, ka sa "galibi" a farkonta, ka saurari yadda za ta faɗa a kunne. Idan ta zauna daidai, furucin ya dace. Idan ta ba ka dariya, to a Turanci ma abin dariya ce. An ƙirƙiri Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Ba mai hankalin da zai ce galibi an ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991, domin abu ne da ya faru sau ɗaya, ba shi da mafi yawa balle 'yan kaɗan. Saboda haka "By and large, Kebbi State was created in 1991" kuskure ne, duk da cewa babu kalma ɗaya a ciki da ta saɓa nahawu. Haka nan adadin da aka ƙidaya aka tabbatar. Jihar tana da ƙananan hukumomi 21 da masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kuma ba a cewa galibi huɗu ne. Furucin yana buƙatar taron abubuwa, ko taron mutane, ko abin da ke maimaituwa, ko kuma abu guda mai ɓangarori da yawa kamar taro ko shekarar noma, wanda za a iya cewa yawancinsa kaza ne.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ita ce nake daɗewa a kanta a aji: shin za ka iya ambata togiyar idan aka matsa maka? Ɗauki wannan jimla: "By and large, traders in Kebbi markets bargain in Hausa." Magana ce mai kyau, domin daga kasuwar Jega har ta Kamba da Hausa aka fi yin ciniki. Idan kuma wani ya ce maka, to su wa ka cire, kana da amsa a hannu: a ƙasar Dandi za ka ji Zabarmanci da Dandanci, a Zuru za ka ji Dakarci, a kara inda ake cinikin shanu za ka ji Fulatanci, a yankin Yawuri kuma akwai Kambari da Gungawa masu harsunansu. Wanda ya san waɗannan ya cancanci ya ce "by and large", domin ya auna. Wanda bai taɓa fita unguwarsu ba, ya ɗauki abin da ya gani a ƙofar gidansu ya shimfiɗa wa jiha guda, ya ari furucin ne kawai don ya rufe rashin bincikensa. A rubutu mai kyau sau da yawa togiyar takan biyo baya nan take, da "but" ko "although" ko "except", kamar a ce "By and large, traders in Kebbi markets bargain in Hausa, although you will also hear Zarma around Kamba." Irin wannan jimla ita ce mazaunin furucin na asali, kuma idan ɗalibi ya iya gina ta, na san ya fahimta.

Sai kuma a duba ko togiyar ba ta yi girman da za ta rinjayi hukuncin ba. A daminar 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a fadamun jihar nan. Ma'aikacin gona da zai rubuta wa shugabansa rahoto a waccan shekara ya ce "By and large, the rice harvest was good" don kawai wasu gonakin tudu sun tsira, bai yi kuskuren Turanci ba, amma ya yi abin da ya fi shi muni, wato ya yi amfani da furucin da ya halatta ƙaramar togiya ya ɓoye babbar asara a bayansa. Ma'aunin da nake bayarwa shi ne, idan abin da ka cire ya kusa kai rabi, nemi wata kalma. Turanci yana da "partly" da "in some cases" da "to some extent" don irin wannan hali.

Kalmomin da ba sa zama da shi, da wurin da ake ajiye shi

Tun da furucin yana nufin galibi, ba ya jituwa da kalmomin da ke nufin duka ko ko kaɗan, irin su "all" da "every" da "always" da "never" da "completely". Wanda ya rubuta "By and large, all the students passed" ya ce galibi dukan ɗalibai sun ci, kuma mai karatu ba zai san ko duka ne ko yawanci ba. A zaɓi ɗaya: ko "All the students passed" idan ba wanda ya faɗi, ko "By and large, the students did well" idan akwai 'yan tsiraru da suka gaza. Ta ɗaya gefen kuma, ba a haɗa shi da 'yan uwansa masu ma'ana ɗaya da shi, kamar "mostly" ko "generally" ko "usually", a jimla guda. "By and large, farmers generally plant millet first" tamkar a ce galibi manoma akasari gero suke fara shukawa ne. Ɗaya daga cikin biyun zaman banza take yi, sai a cire ta.

A nahawu bayanau ne, irin wanda ke bayani a kan jimla sukutum ba a kan kalma ɗaya ba, kuma siffarsa ba ta canzawa. Ba a cewa "by and largely", ba a juya shi a ce "large and by", ba a kuma sa shi gaban suna kamar sifa, a ce "a by and large result". Yana da mazauni uku. Ya fi yawan zuwa a farkon jimla, waƙafi na biye da shi: "By and large, the roads are passable in the dry season." Yana zuwa a tsakiya, galibi bayan "is" ko "are" ko "was" ko "were", da waƙafi gaba da baya: "The onion farmers of Aliero are, by and large, smallholders." Yana kuma iya zuwa a ƙarshe, kamar wanda ya gama magana sannan ya ɗan sassauta: "The meeting went well, by and large." A ganina na tsakiyar ya fi nuna gwaninta a rubutun hukuma, domin ba ya ɗaga murya, amma ga mai koyo na farkon ya fi aminci. Batun waƙafi ba ƙaramin abu ba ne ga mai shirin jarrabawar WAEC, inda ake raba makin insha'i 50 gida huɗu, ana ware 10 don kiyaye ƙa'idojin rubutu, kuma kowane kuskure yana cin rabin maki daga cikin goman.

Kuskuren rubuta kalmomin kansu daga kunne yake tasowa. Bature ba ya furta "and" ɗin tsakiya cikakkiya, yakan haɗiye ta, sai furucin ya fito kamar "bai-an-laj", nauyin murya yana kan kalmar ƙarshe. Mutanen Amurka sukan ƙara ɗan sautin "r" kafin ƙarshen. Wanda ya fara jin sa a rediyo kafin ya gan shi a takarda sai ya rubuta "by enlarge" ko "by in large" ko "buy and large". Dukansu kuskure ne. Kalmomi uku ne a rarrabe, ba karan ɗori a tsakaninsu, kuma ba a fara su da babban baƙi sai ta farkon idan ita ta buɗe jimla.

Maganar rufe insha'i da shi

Na koma kan abin da na fara da shi, domin shi ne kuskuren da ya fi yaɗuwa a ƙasar nan, har a jawaban manya da rubutun jarida. Bara wata ɗaliba mai ƙoƙari ta biyo ni bayan an tashi, riƙe da takardarta, ta nuna mini inda na zagaye da ja. An ce su rubuta labari, ta ba da labarin yadda aka sace wa wanta babur a kasuwa, sannan ta rufe da "By and large, the thief was arrested and taken to court."

Ta ce, "Malam, ni ban ga laifin wannan ba. Ai ƙarshen labari ne, kuma an ce da shi ake rufewa."

Na ce, "To ke, mayar mini da ita Hausa, ki fara da galibi."

Ta fara, "Galibi an kama ɓarawon," sai ta tsaya, ta rufe baki da gefen hijabinta tana dariya. Ta ce, "Wato wani sashensa ba a kama ba ke nan, Malam."

Abin da take nema shi ne "in the end" ko "eventually", wato daga ƙarshe. Mai rufe muhawara kuma "in conclusion" ko "to sum up" yake nema. Ba ina cewa haramun ne furucin ya bayyana a sakin layi na ƙarshe ba. Idan ka kawo amfanin wayar hannu ga ɗalibai, ka kawo illolinta, sannan ka yanke cewa amfanin ya rinjaya, kana iya cewa "By and large, mobile phones have helped students more than they have harmed them", kuma ya zauna daram, domin ka auna ɓangarori biyu ka faɗi wanda ya fi nauyi. Abin da ya halatta shi a nan shi ne awon da aka yi, ba kasancewar jimlar a gindin takarda ba. Kuma sau ɗaya ya isa a insha'i mai kalmomi 450. Wanda ya maimaita shi sau uku ya nuna ba ya son tsayawa a kan ko ɗaya daga cikin maganganunsa.

'Yan uwansa da masu kama da shi

Akwai wasu furuci da ke zagaye da wannan, kuma ko da yake ƙamus yakan jera su a matsayin masu ma'ana ɗaya, kowanne yana da inda ya fi ƙarfi. "In general" da "generally speaking" su ne mafi kusa, ana iya musanya su da shi a mafi yawan jimloli ba tare da an yi asara ba, kuma "in general" ya fi shi shiga rubutun ilimi. "On the whole" ya fi dacewa inda aka ɗora alheri da akasinsa a sikeli, kamar mai ba da rahoton bikin kamun kifi na Argungu da zai ambaci cunkoso da ƙura, sannan ya ce "On the whole, the festival was a success."

"Broadly speaking" ya ɗan bambanta, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Shi ba yawan lokuta yake aunawa ba, yana sanar da mai karatu ne cewa za a yi magana a dunƙule, za a bar ƙananan rassa. Shi ya sa ya fi kyau wajen rarraba abu gida-gida. Idan malamin aikin gona ya ce "Broadly speaking, rice is grown in two seasons in Kebbi: the wet season and the dry season", yana nufin idan aka yi rabo mai faɗi, noman shinkafa a Kebbi iri biyu ne, na damina da na rani, ko da yake wanda ya shiga fadamar Argungu ko ta Suru zai tarar da bambance-bambance a cikin kowanne, ta fuskar iri da lokacin dashe da hanyar ban ruwa. A wannan jimla "by and large" ba zai yi daɗi ba, domin ba ana cewa galibi biyu ne wani lokaci uku ba, ana cewa ne biyu ne idan ba a tsananta ba. Kishiyar "broadly speaking" shi ne "strictly speaking", wanda ake kawowa idan za a bi ƙa'ida filla-filla.

Wanda ya fi rikita mutane shi ne "at large", saboda kalmar "large" da suka yi tarayya a kanta, alhali ba abin da ya haɗa aikinsu. Yana da ma'ana biyu da aka fi sani. Idan 'yan sanda suka ce "The suspect is still at large", suna nufin wanda ake zargi bai shiga hannu ba tukuna. Idan kuma ya biyo bayan suna irin "society" ko "the public" ko "the country", kamar "the school and the community at large", yana nufin al'umma baki ɗayanta, ba wani ɓangare kaɗai ba. Saboda haka mai jawabin godiya da ya ce "I thank my family and the people of Zuru by and large" ya gode wa yawancin mutanen Zuru ne ya bar wasu. "At large" yake nufi. Shi kuwa "by and by" tsohon furuci ne mai nufin nan gaba kaɗan ko sannu a hankali, kuma ba kasafai ake jin sa a Turancin yau ba.

Inda ya kamata a guje shi ko da nahawu ya yarda

Furucin yana shiga hira, yana shiga wasiƙar aiki, da sharhin jarida, da jawabi a gaban taro. Amma akwai rubutun da ba ya son galibi. Ɗalibin da ke rubuta kundin bincikensa a kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru ko a jami'ar Aliero, wanda ya raba takardun tambayoyi ya tattara amsoshi, bai kamata ya ce "By and large, the respondents agreed" a babin sakamako ba, tun da adadin yana hannunsa. Ya faɗi mutum nawa cikin nawa. A babin tattaunawa, bayan alƙaluman sun riga sun bayyana, yana iya amfani da shi don ya haɗa hoton. Haka ma yarjejeniyar ciniki, da takardar filaye, da bayanin shaida a gaban alƙali: wanda ya sa hannu a takardar da ta ce za a biya shi kuɗinsa "by and large" a ƙarshen wata ya bar wa abokin cinikinsa ƙofar da zai fice ta cikinta.

Wuri na ƙarshe da nake jan kunnen ɗalibai a kansa shi ne hukunci a kan halin wata ƙabila ko mutanen wani gari. Jimla irin "By and large, people from that town are lazy" tana da kamannin adalci, tun da ta bar wurin togiya, amma wa ya ƙirga mutanen garin, kuma da wane mudu aka auna lalacin? A nan tambaya ta biyu da na ambata a sama ita ke aiki: mai maganar ba ya iya faɗin su wa ya duba, balle su wa ya cire. Idan na ci karo da irinta a takarda, ba na taɓa furucin, jimlar duka nake ja wa layi, in rubuta a gefe cewa a kawo hujja ko a cire.

Ga mai son ya gwada kansa, ga abin da nake ba 'yan aji biyar a ƙarshen darasin. Su rubuta jimla uku a kan garinsu, kowace ta fara da "By and large" ta kuma ƙare da togiyar da ta fara da "but" ko "although", sannan su ba na kusa da su ya mayar da ita Hausa da baki. A makon jiya wani yaro daga Bunza ya kawo "By and large, our people eat rice in the evening, but my grandmother insists on tuwon dawa." Ban taɓa mata komai ba, illa na ce ya ja layi a ƙarƙashin "tuwon dawa" don mai dubawa ya san da gangan ya bar ta a Hausa.